Azumin da Na Tara Gashin Baki

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Tun kwana uku da kamawa na ji shi a maƙogwarona, irin ƙishin nan da yake yi maka sallama tun hantsi, kafin azahar ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Ruwan tafki ma ya ja baya fiye da yadda ya saba, har masu jirgin da ke kai mutane kasuwar Yelwa sun sake mashiga sau biyu. Shekaranjiya ina kishingiɗe a gindin mangwaro, samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani yaƙi. Ban san ko na fim ne ko na gaske ba, su ma ban tabbata sun sani ba. Sai ka ji an ce, “Kai! Waɗanga su ne maza!” Kafin ka ƙifta ido an wuce zuwa wani. Na yi dariya ni kaɗai har suka waigo. Ba su nake yi wa dariya ba. Wani azumi na tuna, shekara talatin da ’yan kai da suka wuce, wanda shi ma ya faɗo cikin irin wannan zafi, lokacin da ni Garba na tara gashin baki, na kusa haɗa tunga biyu, wato ƙauyuka biyu na bakin ruwa, faɗa.

Daminar da ta gabaci wannan azumin ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, shinkafar fadama ta bushe a tsaye. Kafin wata ya tsaya, rumbunmu in ka leƙa ka yi magana sai ya amsa maka. Mu uku ne a gida: ni, da Inna, da matata Hajo, wadda ban fi shekara da aurowa daga Ƙetare ba. Ƙetare tunga ce kamar tamu, tana can ɗaya gefen wani hannun tafkin. In iska ta kwanta muna jin kiran sallarsu, su ma suna jin namu.

Sahur ɗinmu ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, a watsa mata ’yan ƙananan kifin nan da muke kira warangi don ta yi ƙanshin abinci. Da dawar ta fara yi mana bankwana, sai Hajo da sauran mata suka koma shiga ruwa suna tsinko bado, a shanya, a daka, a haɗa. Da shan ruwa kuma kunun tsamiya ne tsararo, wanda in ka leƙa ƙwarya kana hango gindinta. Zafi kuwa ba a magana. Ƙasa tana gasa tafin ƙafa, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu. Da azahar maza sukan shiga tafki su tsaya ruwa iya wuya kamar shanu, Liman yana bakin gaɓa yana jan kunnen kowa kada ya nutsa kai, don ya san halin mutanensa.

Abu ɗaya ne Inna ta hana a taɓa duk tsananin nan: goran iri. Wani babban gora ne da ta cika da irin masara mai saurin nuna, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta rataye a ɗakinta daidai kan gadonta. Ranar da muka sha ruwa da bado zalla na ɗaga kai na dube shi. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, “Sauke idonka. Wanga na baɗi na.”

A cikin wannan hali ne ƙanin Inna, Kawu Ila, ya dawo daga Yelwa da jirgi cike da kaya an lulluɓe da bargo: akwatin talabijin, na’urar bidiyo, da ɗan janareta mai tari. Mutane suna neman hatsi, shi ya sayo kallo. Inna ta ce dama tun yana ƙarami in an aike shi gishiri sai ya dawo da usur. Amma fa ya san abin da yake yi. Ya kafa rumfar zana a bayan gidansa, ya ce daga azahar zuwa la’asar sakaliya duk mai son ya manta da ƙishi ya zo, ya riƙo kifi ko ƙwai ko abin da ya sawwaƙa. Liman ya yi gunaguni kwana biyu, a na uku aka gan shi tsaye jikin zana yana cewa inuwa ya zo sha.

Kaset ɗaya tak Kawu yake da shi, na yaƙi. Wasu fararen sojoji ne, babbansu dogo mai murɗaɗɗen gashin baki, takalminsa yana ƙyalli, harsashi yana wucewa ta kunnensa ko sunkuyawa ba ya yi. Nan take muka raɗa masa Mai Gashin Baki. Abokan gabarsu kuma muka kira su masu hular kwano. An nuna yadda aka yi rantsuwa a gaban tuta, aka yi maci ana busa, wata tsohuwa ta ɗaura wa ɗanta ƙyalle a wuya tana shafa kansa. Aka yi ta tafiya har gindin wani tudu mai busasshen itace ɗaya a samansa. Mai Gashin Baki ya zare takobi, ya ɗaga sama, ya buɗe baki, sai allon ya koma yayyafi yana shuu. A nan kaset ɗin ya ƙare. Ba wanda ya damu. Ai kowa ya san abin da ya biyo baya, wanda ya ɗaga takobi haka ba ya dawowa sai da nasara.

Ba mai jin harshen da suke yi, don haka Kawu ne tafinta, shi da Turancinsa bai wuce na sayen man janareta ba. In Mai Gashin Baki ya yi magana mai tsawo, sai Kawu ya miƙe ya ce, “Cewa ya yi, wanda duk yaj ja baya ba ubanai ya haihe shi ba!” Gobe a daidai wurin nan sai fassarar ta sake, amma ba mai tuhuma. In an tashi kuma a koma gindin mangwaro a buɗe shari’ar ƙasashe. Kawu ya ce kowace ƙasa da halinta, kuma a fim ake gane shi. Indiyawa in za su yi faɗa sai sun yi waƙa tukuna. ’Yan Cana ba ruwansu da makami, hannu da ƙafa sun ishe su. Su kuwa mutanen Mai Gashin Baki, mutuwa ta fi musu sauƙi da a ce sun ba da baya. Wani ya tambaya, to mu fa? Aka yi ittifaƙi nan take cewa mu mutanen tungarmu jininmu ɗaya da nasu. ’Yan Ƙetare kuwa, da ba su nan balle su kare kansu, aka ba su hular kwano.

Ni ne sarkin samari a lokacin, mai kiran gayya, mai raba aiki. Na kalli kaset ɗin nan ya fi sau ashirin. Na daina aske leɓe. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, ’yan silli ne a warwatse kamar shukar da ruwa ya yi wa gardama, amma ina murza shi da yatsa biyu ina tafiya ƙirji a gaba. Hajo takan dube ni ta ce, “Malam, ka goge bakinka, kunu ya ɓata ma.”

Ana nan sai gungun ya fito.

Wanda bai san nomanmu na bakin tafki ba, ga yadda yake. In bazara ta yi, ruwa yana ja da baya kullum kaɗan kaɗan, yana barin baƙar laka mai taushi. Kai kuma kana bin sa a baya da sanda mai tsini, ka soka, ka jefa iri, ka taka. Ba ka jiran ruwan sama, damshin lakar ne zai raini shukar. Amma ba ta jiran kowa. In ka yi sanyin jiki rana ta riga ka, sai ta daskare ta tsattsage, iri ya shiga ya ƙone. Kuma dole ka girbe kafin ruwan ya dawo cikin damina ya karɓi kayansa.

Shekarar nan ruwan ya ja har wani tsibiri, abin da muke kira gungu, ya fito da bayansa a tsakiyar hannun tafkin, daidai tsakaninmu da Ƙetare. Tun da aka datse ruwa a Kainji ba wanda ya sake ganinsa. Tsofaffinmu suka ce gonakin kakanninmu ne, har suna nuna inda tsamiyar iyaka take. Tsofaffin Ƙetare suka ce nasu ne, su ma suna nuna inda tsamiyar take, a wani wuri daban. Tsamiyar dai ta daɗe da ruɓewa a ƙarƙashin ruwa. Ga yunwa, ga baƙar ƙasa shimfiɗe da za ta ciyar da tunga biyu.

Al’adarmu ba a zuba iri a ƙasar da ake jayayya a kanta. Dattawa sukan kafa doguwar sanda a tsakiya su ɗaura mata kaba, daga nan ba mai shuka ko ƙwaya ɗaya sai ranar da sarkin samarin kowane gefe ya ɗora hannu a kanta, su tuge ta tare. Haka aka yi. Dattawan ba su ɓata lokaci ba, kwana biyu suka gama magana, a raba biyu. Saura hannu biyu a kan sanda: nawa, da na sarkin samarin Ƙetare, wanda ba kowa ba ne illa Yaya Mamman, wan Hajo uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar farko da na taka gungun na nutse har gwiwa. Da na dawo gida da yamma zan nufi randa, Inna ta ce, “Tsaya. Kada ka wanke ƙahwa, taho in gani.” Ta dubi inda lakar ta tsaya a ƙafata, ta murza ta a yatsa, ta sunsuna, fuskarta ta washe. Ta shiga ɗaki ta sauko da goran iri ta ajiye a bakin ƙofa. Ita ba ta iya shiga jirgi saboda ciwon gwiwa, don haka ƙafata ce ta zama mata ma’auni.

Kashegari Yaya Mamman ya iso gungun da mutum biyu, ba ko sanda a hannunsu. Ya tarar da mu a jere, mu goma sha biyar, kowa da sanda a kafaɗa.

“Garba, dattawa sun gama,” in ji shi. “Rabi naku, rabi namu. Kawo hannu mu tuge sandar ga, laka tana bushewa.”

Na murza gashin bakina na ce, “Yaya Mamman, ƙasar kakanninmu ba ƙosai ta ba da za a raba. Ko duka, ko ku taho ku amsa da ƙarhi.”

Ya dubi fuskata. Sannan ya ce, “Mi ya same ka ga leɓe?”

Mutanensa suka ƙyalƙyale. Wannan dariyar ce ta ƙara ɓata lamarin. Na rantse a gaban samarina cewa hannuna ba zai taɓa sandar nan ba sai Ƙetare sun furta da bakinsu cewa gungun namu ne. Dattawa suka kira ni suka yi faɗa, na sunkuyar da kai na ce to, na fita na ci gaba da abina.

Muka nemi Baba Kofur ya koya mana dabarun yaƙi. Baba Kofur Bitrus tsohon soja ne, Bakambare, Kirista, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi ya zauna cikinmu yana saƙa taru. Ba ya azumi, amma ba wanda ya taɓa ganin ya kai ruwa baki da rana a watan. Shi kaɗai ne bai taɓa shiga rumfar Kawu ba. Ya saurare mu yana ɗinki, sannan ya ce, “Cikin akwatin ga naku, an nuna wa ka dafa musu abinci? An nuna inda suka zagayawa?” Muka ce a’a. Ya ce, “Ni dai na yi zama cikin rami da kowane irin mutum. In igwa ta tashi, cikin kowa iri ɗaya shika murɗawa. Ku tahi ku shuka masara.” Muka fito muna cewa tsufa ya cinye shi.

Kullum da hantsi sai mu haye gungun mu yi layi mu jira ’yan Ƙetare su zo a gwabza. Ba wanda ya zo. Mu yi ta tsayuwa cikin rana, baki a bushe, ba ko inuwar kara, tsuntsaye suna ta kiwo a kan ƙasar da muke gadi. Kullum da yamma Inna ta ce in taho ta gani. Kwana na huɗu lakar ta sauko ƙwauri. Kwana na shida ta tsaya ɗan sama da idon sawu. Ranar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, “In ta sauka ƙasan ƙashin ga, na mai da gorana bisa. Sai mu dahwa mutunci mu ci da damina.”

Daren nan Hajo ta dawo daga gaishe da iyayenta. Tana zuba mini kunu ta ce, “Malam, ashe Mai Gashin Bakin ga naku can garinmu ma akwai shi. Ɗanjuma mai shago ya sawo akwati irin na Kawu. Na leƙa ta zana na gane shi sarai. Amma namu kuka shika yi.”

Na ajiye ludayi. Kuka? Mai Gashin Baki? Da gari ya waye na tara samari na shaida musu cewa ’yan Ƙetare ba su tsaya ga raina mu ba, har sun samo kaset na ƙarya don su ci mutuncin jaruminmu, wato mu. Yadda hankali ya bar mu a lokacin, ba wanda ya ce wannan magana ba ta da kai. Muka yanke shawara: tunda sun ƙi zuwa, mu za mu je, mu ƙwato kaset ɗin, mu sa su furta maganar gungu. Muka zauna muka feƙe sandunanmu suka yi tsini.

Bayan azahar muka shiga jirgi biyu. Muna shirin turawa sai ga Baba Kofur yana ɗingishi da goran ruwa a rataye, ya shiga ya zauna a baya. Muka yi murna, muka ce ya canza shawara. Ya ce, “Ba yaƙi za ni ba. Wani cikinku zai hwaɗi, ruwa na riƙo in zuba mai ga kai.”

Mun tashi da waƙa da kirari. Kafin mu kai tsakiyar ruwa waƙar ta mutu, don ba yawun da za a yi ta da shi. Rana tana dukan ruwa tana dawo mana a ido. Muka wuce ta gefen gungun, na ga tsakiyarsa ya fara fari, na kau da kai. Da muka isa gaɓar Ƙetare ba mai iya ihu, filafili ma da ƙyar ake ɗagawa. Muka fito muna jan ƙafa, muka shiga gari. Ba kowa sai awaki a inuwa. Can muka ji tarin janareta, da wata busa da kowannenmu ya haddace. Muka bi ta har bakin wata rumfar zana.

Wani tsoho ne zaune a ƙofar, takalma jibge a gabansa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Maraba da baƙi. Takalmi nan, sanda nan.” Sa’an kakana ne, kuma ya san uban kowannenmu. Wallahi haka muka jingine sandunan a jikin zana, muka tuɓe takalma, muka shiga da sallama. Baba Kofur ya samu gindin bango ya zauna. Tsohon ya ce ba zai shiga ba? Ya ce, “Su dai su shiga. Ni na riga na ga wanga, ba cikin akwati ba.”

Rumfar cike take. Yaya Mamman ya waigo ya gan ni, ya matsa ya ba ni gefen tabarma. Ya ce wa Ɗanjuma ya mayar da kaset ɗin farko saboda baƙi. Aka mayar. Allon ya washe, sai ga Mai Gashin Baki a gindin tudu, takobi a sama, baki a buɗe, daidai inda namu yake ƙarewa. Mu goma sha biyar muka yi kabbara a tare. Ashe fim ɗin kaset biyu ne. Mai tebur ɗaya a kasuwar Yelwa ya sayar wa Kawu na farko, ya sayar wa Ɗanjuma na biyu, kowa ya tafi gida yana murna.

Abin da muka gani bai yi kama da abin da muka ƙarasa a zukatanmu ba. Yaron nan da uwarsa ta ɗaura wa ƙyalle, wanda muke cewa shi zai gaji Mai Gashin Baki, ya faɗi tun ba a yi taku goma ba, aka bi ta kansa. Aka yi ta hawa ana zubewa. Takalmin nan mai ƙyalli ya cika da taɓo. Da aka kai gindin busasshen itacen, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Suka kafa tuta. Tana cikin kaɗawa sai ga wani a kan babur da takarda. Aka karanta, aka dubi juna, aka cire tutar aka naɗe, aka gangara ta inda aka hau. Tudun yana nan yadda yake.

Mai Gashin Baki kuwa an bar shi a wani rami da harbi a ciki, a gefensa wani mai hular kwano shi ma kwance cikin jini. Leɓensa ya tsattsage. Ya yi ta motsa baki yana faɗin kalma ɗaya. Nan ba a nemi tafinta ba. Mutum sittin ne a rumfar nan, kowa da azumin bazara a bakinsa, na ji yadda aka haɗiyi busasshen maƙogwaro a tare. Mai hular kwanon ya ja jiki da gwiwar hannu, ya kwance ’yar butarsa, ya tallafi kan mutumin da ya zo kashe shi, ya ɗiga masa. Mai Gashin Baki ya sha, ya riƙe hannunsa, ya fashe da kuka kamar yaro. Hajo ba ta yi ƙarya ba. A ƙarshe aka nuna wani tsoho da bijiminsa yana huɗa a gindin tudun, yana kewaye ramukan.

Aka kashe janareta. Yaya Mamman ya juyo ya ce, “Garba, dama ina son in tambayi wanda ya ga farkonai. Mu kullum daga nan muka farawa, ba mu san mafari ba. Mi sunka je nema bisa tudun ga? Rijiya akwai? Ko gona ta?”

Na kalli na farkon sau ashirin da wani abu. Amma ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Wani daga cikin samarina ya ce a hankali, “Tuta.”

“Tuta kaɗai?”

Na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ta a bayan wuyana.

Muna nan zaune ladan ya kira magariba. Aka shigo da ƙwaryar ruwa, aka miƙa wa Yaya Mamman. Bai kai baki ba, ya miƙo mini. Na karɓa, na sha, idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin janareta ne. Aka kawo kunu. Na leƙa ƙwaryar na hango gindinta, tsararo kamar na gidanmu, kuma shi suka raba da mutum goma sha biyar da suka zo dukansu. Baba Kofur ma sai a lokacin ya buɗe goransa.

Ana idar da sallar asuba muka haɗu a gungun, tunga biyu, maza da mata. Na ɗora hannu a kan sandar, Yaya Mamman ya ɗora nasa, muka ja. Sai da muka yi da gaske, don ƙasar ta riƙe ta gam. Tsakiyar gungun duk ya daskare ya tsage, in ka soka sanda sai ta yi tsalle. Gefe gefen da ruwa bai daɗe da bari ba shi ya rage, shi muka raba biyu. An ba ni rabi na ƙi, na dawo na karɓi rabin rabi da godiya. Sandunan da muka feƙe don kan ’yan Ƙetare kuwa sun yi kyau ƙwarai wajen shuka, ban taɓa ganin gayyar da ta zo da kayan aiki masu tsini haka ba.

Da yamma na shiga gida ban nufi randa ba, na je na tsaya a gaban Inna. Lakar ta rufe idon sawu da ƙyar. Na miƙa mata goran. Ta girgiza shi, ta ji sauran irin da bai samu ƙasa ba yana kaɗawa a ciki.

“To, wa ya ci yaƙin?” in ji ta.

Na ce, “Ba kowa, Inna.”

Ta ce, “Rana ta ci. Tahi ka wanke ƙahwa, ka aske abin ga.”

Na aske tun kafin Sallah. Ranar Sallah aka haɗa kaset biyun a rumfar Kawu aka kalla daga farko har ƙarshe, Kawu yana fassara da murya ƙasa ƙasa. Daga ranar ba wanda ya sake neman sa, sai da ya koma Yelwa ya samo na masu waƙa. Masarar ta yi, mun karye ta ruwa yana lasar gindinta, muka kwaso a jirgi. Ta kai mu bakin sabon gero, amma da ƙyar. A ’yan makonnin ƙarshe Inna takan ce ita ba ta jin yunwa da dare, ta tura mana kwanon ni da Hajo, wadda take da ciki a lokacin. Na yarda da ita, don yarda ta fi sauƙi. Sai da na girma na san cewa wancan farin tsakiyar gungun da na bari ya bushe, a cikin Inna aka biya shi. Ba ta taɓa yi mini gori ba har Allah ya karɓi abarsa. Ruwa ya dawo ya rufe gungun, da namu da nasu da inda tsamiya take, bai sake fitowa ba.

Sai bana. Jiya bayan la’asar wayata ta yi ƙara, Yaya Mamman ne, muryarsa ta tsufa amma tsiyar tana nan. Ya ce, “Garba, gungun ya hito. Da iri za ka taho ko da sanda?” Na ce da duka biyun, amma sandar ta shuka ce. Samarin da ke gindin mangwaro na ce su ajiye waya su kwana da shiri, gobe ana sallame asuba jirgi zai tashi, ba jiran kowa.

Hajo ta riga ta sauko da goran iri ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce in na dawo kada in kuskura in wanke ƙafa sai ta gani.